Kawu, takardar karatuna ta mutu a Kanada ban sani ba

Assalamu alaikum Kawu,

Ni ɗan Katsina ne, ina shekara ta uku a wata jami'a a lardin Saskatchewan. Ranar da na sauka a 2023 jami'in filin jirgi ya miƙo mini takardar izinin karatu, na ninke ta na cusa a jaka, ban sake buɗe ta ba. A zatona shekara huɗun digirina aka ba ni. Ashe a kan ranar ƙarewar tsohon fasfona aka tsayar da ita, 30 ga Satumba. Fasfon na sabunta shi tun watan Yuni, na ɗauka shi ke nan an gama. Sai ranar 6 ga Nuwamba manajan shagon da nake ɗan aiki ya kira ni ofis, ya ce lambata ta SIN, lambar da gwamnati ke ba mai aiki a Kanada, ta ƙare, in kawo sabuwar takarda. A nan na gane.

Tun 1 ga Oktoba ina shiga aji, ina zuwa aiki kwana uku a mako. Jarrabawa saura wata guda. Abokin ɗakina ya ce in ja bakina in gama zangon nan tukuna. Wani ejan da aka haɗa ni da shi a WhatsApp ya ce in ba shi dala 1,500 zai samo takardar asibiti a ce ina kwance ne, kuma kada in ambaci aikin shago. Ga bikin ƙanwata a ƙarshen Disamba, har na fara duba tikiti. Gona Baba ya sayar ya turo ni. Ban gaya wa kowa a gida ba, ban san da bakin da zan faɗa ba. Rabona da barcin kirki tun ranar. Yaya zan yi?

Ɗanka, daga Saskatchewan, 8 ga Nuwamba

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya yaye maka.

Jaje zai zo daga baya, lissafi za mu fara yi, don shi ne ba ya jira. Sashe na 182 na ƙa'idojin shige da fice na Kanada ya ba wanda izinin zamansa ya ƙare kwana 90 ya nemi a maido masa da shi yana cikin ƙasar. A bakin ma'aikatar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, sunan abin restoration, kalmar da za ka gani ke nan a jikin fom. Daga ranar da takardar ta mutu ake fara ƙirga, babu ruwansu da ranar da manaja ya kira ka. Oktoba ta cinye 31, ƙarshen Nuwamba zai kai ka 61, rana ta 90 ita ce 29 ga Disamba. Ranar da ka rubuto mini ka riga ka ƙone 39, saura 51.

Kada 51 ta yi maka yawa a ido. Agogon da ma'aikatar ke bi wajen karɓar takardu ta intanet shi ne na UTC, wato agogon GMT, kuma sha biyun darensa ƙarfe shida na yamma ne a Saskatchewan, rani da hunturu, tunda lardin naku ba ya juya agogo. Wato ranar 29 ga Disamba, kafin ka idar da magariba ka gama shan shayi, ranar ta kusa fita a wurinsu. Mutum sai ya zauna gaban kwamfuta ƙarfe tara na dare yana ganin da sauran awa uku, ashe gobe ta riga ta yi. Sannan jami'o'in Kanada rufe ofisoshinsu suke yi daga jajibirin Kirsimeti har sabuwar shekara, alhali rabin takardun da kake buƙata daga hannunsu za su fito. Ka cire Disamba daga ranka gaba ɗaya. Ka rubuta 30 ga Nuwamba ka manna a jikin firij, ita ce ranarka.

Ba kai ne farau ba a wannan kuskure, kuma saboda ƙannenka da ke karantawa bari in warware shi. Takardu uku ne ke riƙe da ɗalibi a Kanada, kowace da aikinta. Fasfo na ƙasarka ne. Bizar da aka manna a cikinsa ta shigowa ce kawai, kamar sallama a ƙofar gida. Famit ɗin karatu, wannan da ya kwana biyu a ƙasan jaka tare da yajin da Umma ta ƙulla maka, shi ne izinin zaman da na karatun da na aikin. Ba a ba da famit ya wuce ranar mutuwar fasfo, shi ya sa ɗan Najeriya mai fasfon shekara biyar da ya riga ya ci rabinsa a gida yake samun guntun famit. Sabon fasfo kuwa ba ya jan famit ya tsawaita da kansa, sai an nema. Da ka tura neman ƙari kafin 30 ga Satumba ta fita, ko da awa ɗaya ce, da doka ta bar ka ka ci gaba da aji da aiki kamar yadda kake har a yanke hukunci. Ma'aikatar da kanta kwana 30 kafin ƙarewa take cewa a nema. Wannan ya wuce, da na sani ƙeya ce, mu bar ta a baya.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Daga yau ka daina shiga aji, ka daina zuwa shago. Aji na zahiri da na intanet, miƙa aikin gida, ƙaramin gwaji, babbar jarrabawa, duk karatu ne a idon doka. Ko bayan ka tura takardunka, izinin da kake da shi na zama ka jira amsa ne kawai. Karatu da aiki sai famit ya dawo hannunka.

Abokin ɗakinka tausayinka yake ji, na sani, amma shawararsa irin ta neman gira a rasa ido ce. Shirun da yake cewa ka yi, wa za ka yi wa shi? Makarantarka tana aika wa ma'aikatar rahoton ɗalibanta baƙi sau biyu a shekara. Albashin shago da lambar SIN ɗinka ake biyan sa, kowane mako yana rubuce. Takardar sakamakon jarrabawar da kake son tserarwa ita ce za ta zama shaida a kanka, ɗauke da kwanan wata da hatimin jami'a, cewa ka zauna jarrabawa a Disamba ba ka da izini. Sashe na 221 ya ce wanda ya yi aiki ko karatu ba da izini ba, ba a ba shi famit ɗin karatu sai wata shida sun wuce daga ranar da ya daina. A cikin sashen akwai sassauci ga wanda abin da ya jawo masa kawai wuce ranar da aka yanka masa ne, kuma a kan wannan sassaucin mai ba ka shawara na gaskiya zai gina maganarka. Ka lura da abu ɗaya: ko an yi maka sassaucin ko ba a yi ba, dainawa da wuri ce ke taimakonka, domin wata shidan daga ranar dainawa ake ƙirga su. Kwanakin da suka gabaci 6 ga Nuwamba kana da abin faɗa a kansu, ba ka sani ba. Kwanakin da suka biyo baya, me za ka ce?

Kada ka ce ai ɗan aikin shago ne, wa zai damu da shi. A lardin da kake zaune aka yi abin da ya kamata kowane ɗalibi ɗan Najeriya ya sani. A 2011 wasu ɗalibai mata biyu 'yan Najeriya da ke Jami'ar Regina suka yi aikin kamar mako biyu a kantin Walmart, a zamanin da aikin wajen makaranta sai da takarda ta daban. Aka ba su umarnin barin ƙasa. Daga tsakiyar 2012 suka fake a coci-coci sama da shekara guda, jami'arsu da 'yan siyasar lardin suna roƙo a madadinsu, jaridu suna rubutu. Duk da haka sai da suka fita a Oktoban 2013, kafin su samu dawowa a 2014. An sauya dokar aikin ɗalibai a shekarar da suka dawo, yanzu har awa 24 a mako aka yarda ɗalibi ya yi a waje lokacin karatu, amma sharaɗin shi ne famit mai rai. Mako biyu suka yi. Kai ka yi biyar. Ka rubuta wa manajanka imel yau, ka ce ka dakata da aiki har takardarka ta dawo, ka roƙe shi takardar da ke nuna ranar aikinka ta ƙarshe, ka adana duk takardun albashinka.

Sai ejan. Dala 1,500 ɗin nan, da za ka jefa su a kogi da asararka ta tsaya a nan. Fom ɗin da za ka cike, IMM 5709, yana da wata tambaya wajen ƙarshe da ke cewa ko ka taɓa wuce wa'adin zamanka a Kanada, ko ka yi karatu ko aiki ba da izini ba. Akwati biyu ne a gabanta, na eh da na a'a, da ɗan fili na bayani. Duk shawarar ejan a kan wannan akwatin take, so yake ka danna a'a. Amsarka eh ce. Wanda aka kama ya yi ƙarya ko ya ɓoye abin da ya shafi hukunci, sashe na 40 na dokar ya haramta masa Kanada shekara biyar, kuma duk lokacin da wata ƙasa ta tambaye shi ko an taɓa hana shi biza ko an kore shi daga wani wuri, tabon nan zai biyo shi. Takardar asibitin bogi kuwa ba ta ma da inda za ta tsaya. Yaron da ke kwance a Oktoba, wane ne ya riƙa karɓar albashi da lambarsa, wane ne ya riƙa shiga aji da sunansa? Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuma ko zurfin gwiwa bai kai ba.

In abu ya ɓaci, cewa ejan ne ya cike ba ta fitar da kai, domin sa hannunka ne a ƙasa. A 2023 ɗaliban Indiya masu yawa sun fuskanci kora saboda takardun shiga makaranta na jabu da wani ejan ya haɗa musu tun daga gida, wasunsu har sun gama karatu suna aiki kafin abin ya tashi. Mutanen da doka ta yarda su karɓi kuɗinka su ba ka shawarar shige da fice sanannu ne: lauya mai rajista da ƙungiyar lauyoyin lardi, ko mai lasisin ba da shawarar shige da fice, wato RCIC, wanda sunansa ke cikin rajistar hukumar da ke kula da su, CICC, da kowa zai iya dubawa a intanet. Ka tambayi mutumin WhatsApp lambar lasisinsa, za ka ga yadda hirar za ta mutu. Kafin ma ka biya kowa, je ofishin ɗalibai baƙi na jami'arku. Irin waɗannan ofisoshi suna da masu ba da shawara masu lasisi, kuma kuɗin makarantar da Baba ya biya ya riga ya biya su. Na san abin da ke hana yaranmu zuwa, gani suke kamar kai ƙarar kai ne. Mutanen nan ba 'yan sandan kan iyaka ba ne, kuma wanda ya shigo musu a rana ta 40 sun fi iya taimakonsa a kan wanda ya shigo a ta 88 yana kuka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaya musu komai, har aikin shagon. Tunda akwai maganar aiki da karatu bayan mutuwar famit, in sun ce ka haɗa da lauya, ka haɗa, a nan ne kuɗi ke da amfani.

Gobe da safe ka tafi da tsohon fasfo da sabo da mataccen famit. Abu na farko da za ku tattauna shi ne yadda za a ajiye zangon nan. Kada ka shiga shafin makaranta ka janye daga darussa da kanka cikin dare. Jami'in da zai duba takardunka yana son ya ga har yanzu kai ɗalibin makarantar ne, don haka janyewar sai an yi ta da tsari, a rubuce, tare da wasiƙar da ke nuna gurbinka na nan kuma ana jiran ka a zango mai zuwa. Ka tambaye su ranar ƙarshe ta janyewa ba tare da an rubuta maka faɗuwa ba, a makarantu da dama cikin Nuwamba take faɗowa. Ka tambayi ko akwai hanyar roƙon a dawo da wani abu daga kuɗin zangon ko a tura shi gaba. Duk takardar da suka ba ka ka adana ta, saboda ranar da ka gama digiri ka zo neman izinin aikin bayan karatu za a dubi kowane zango, a tambaye ka wannan giɓin.

Ka kuma tambaye su takardar PAL, wato wasiƙar da lardi ke tabbatar da cewa ɗalibi yana da gurbi a kasonsa. Tun 22 ga Janairu 2024 yawancin masu neman famit sai sun haɗa da wannan shaida ta lardi, kuma ta hannun makaranta take fitowa. An yafe ta ga mai famit mai rai da ke neman ƙari a makaranta ɗaya, mataki ɗaya. Naka ya mutu, don haka kada ka ɗauka yafiyar ta shafe ka. Ka nemi a fara nema maka tun ranar farko. Takardun da suka tafi babu ita alhali ana buƙatarta dawo da su ake yi, kwana 90 kuwa ba sa tsayawa su jira.

Kuɗin famit dala 150 ne. Na maidowa daban yake, ya haura dala 200, kuma a 'yan shekarun nan ranar 1 ga Disamba ake ƙara masa wani abu. Ka tanadi dala 400 ta Kanada. Hoton yatsun da ka bayar kafin ka taho shekara goma yake yi, ba sai ka sake ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne shaidar abin da za ka ci. Lokacin da ka zo a 2023 dala 10,000 ake son ɗalibi ya nuna na zaman shekara. Daga Janairun 2024 aka mayar da shi 20,635, daga 1 ga Satumba 2025 ya koma 22,895, ban da kuɗin makaranta. Za su so bayanan asusun banki na wata huɗu da suka wuce, naka da na mai ɗaukar nauyinka, da wasiƙarsa. Kada a ranto kuɗi a zuba a asusu rana ɗaya don a ɗauki hoto a kwashe. Duk babban kuɗin da ya shigo, a haɗa da takardar da ke nuna daga inda ya fito, ko cinikin gona ne ko na hatsi ko gudummawar ɗan'uwa.

Wasiƙar bayani kuwa da hannunka za ka rubuta ta, shafi ɗaya, kafin mai lasisi ya duba. Ba wurin roƙo da rantsuwa ba ne, ba kuma wurin labarin gonar Baba ba. Jami'in da zai karanta ta yana da tarin irinta a gabansa, kwanan wata yake nema. Ka ce famit ɗina ya ƙare 30 ga Satumba saboda an ɗaure shi da tsohon fasfo. Na sabunta fasfo a Yuni, na yi kuskuren zaton famit ya bi shi. Na ci gaba da karatu da aiki daga 1 ga Oktoba. Na gane ranar 6 ga Nuwamba. Na daina aiki rana kaza, na daina aji rana kaza, ga shaida. Ga sakamakona na shekara biyu da suka wuce, ga wasiƙar makaranta, ga abin da ya rage mini in gama. Shi ke nan. Kada ka ɗora wa jami'in filin jirgi ko makaranta ko manaja laifi, ranar tana rubuce a jikin takardar da ke jakarka. Mutumin da ya ce na yi sakaci, ya kawo ranaku daidai da abin da ke cikin kwamfutarsu, ya ba jami'i dalilin yarda da sauran maganarsa.

Bayan ka tura sai jira, kuma ba zan ɓoye maka ba, yana iya ɗaukar makonni, yana iya kai watanni. Zangon Janairu ma yana iya kuɓucewa. A nan ne shaiɗan zai dawo da sabuwar riga: wani zai ce zo ka taya ni wanke-wanke a gidan abinci in ba ka a hannu, wani zai ce karɓi wayata ka yi kai saƙon abinci da sunana. Duk aiki ne ba da izini ba, kuma wannan karon da saninka. Ka rage kashe kuɗi tun yanzu, ka yi wa mai gidan haya magana kafin wata ya ƙare, ka nemi rumbun abincin ɗalibai na jami'a. Ka je masallaci ka sami liman ko shugabannin jama'a. Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka, ko da a garinsu ɗan masu hali ne. Babu abin kunya a ciki. Ka kuma duba ranar da ke jikin katin lafiyarka na lardi, domin irin waɗannan katunan da famit ake ɗaure su, ga hunturu ya shigo, ƙanƙara ba ta tambayar takarda kafin ta kayar da mutum. In ya ƙare, ofishin ɗalibai zai nuna maka inshorar wucin gadi.

Bikin ƙanwarka, ka yi haƙuri, ba da kai za a yi ba. Maido da izini na wanda ke cikin Kanada ne. Ranar da ka hau jirgi, neman da ka tura ya tashi a banza, sai ka sake sabon nema daga gida kamar wanda bai taɓa zuwa ba. Bizarka ma tare da tsohon fasfo ta ƙare, ko ka fita babu abin da zai shigo da kai. Ita sai famit ya fito za ka neme ta, dala 100, kafin ka yi tunanin kowace tafiya. In wani ya ce ka je kan iyakar Amurka ka juyo a buga maka sabon famit a take, tsohon labari yake ba ka, an rufe wannan hanya tun Disamban 2024, kuma dama can ba a maido da izini a bakin iyaka. Kuɗin tikitin da ka fara dubawa, ka ga inda za su tafi.

Idan aka ƙi, ko kuma mai lasisi ya dubi lamarinka ya ce nema daga gida ya fi maka, to ka tattara ka fita da ƙafarka cikin lokaci. Wanda ya fita da kansa yana iya zuwa cibiyar karɓar takardun biza a Abuja ko Legas ya sake nema, darussan da ya ci suna nan a rubuce a jami'a. Wanda ya ɓuya har jami'an kan iyaka suka ba shi takardar kora, an rufe masa ƙofa na shekara guda aƙalla, kuma ya shiga wani littafi daban. Akwai damar kai ƙorafi Kotun Tarayya, amma kwana 15 kacal ake bayarwa, aikin lauya ne.

Saura Baba. Na bar shi ƙarshe ne don na ga a wasiƙarka shi ne ainihin abin da ya hana ka barci, ya fi IRCC tsaya maka a rai. Ka lura da abin da na faɗa a sama: takardunka ba za su cika ba sai da bayanan asusunsa da wasiƙarsa. Ko ka so ko ka ƙi, sai ya sani cikin mako biyun nan. Abin da ya rage a hannunka shi ne daga bakin wa zai ji, da kuma yaushe. Ka gafarce ni, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Mutumin da ya iya sayar da gona don karatun ɗansa ya ga shekarar fari, ya ga ta ambaliya, ya san ana asarar damina guda gida bai rushe ba. Zai yi faɗa, kuma ya cancanci ya yi. Abin da zai fi ƙona masa rai shi ne a ce ana saura kwana uku ɗaurin aure, 'yan'uwa suna tambayar yaushe ɗan Kanada zai sauka, sannan ya ji labari a bakin wani.

Kada ka kira shi yau da hannu biyu wofi. Ka fara zuwa ofishin ɗalibai, ka fito da ranaku da adadin kuɗi a rubuce, jibi ka kira. Kada ka tura saƙon murya, kada ka rubuta. In kana ganin zai fi sauƙi, ka fara gaya wa Umma da safe ta shimfiɗa maka, amma maganar daga bakinka za ta fito, ba ta bakinta ko na baffanka ba. Bayan gaisuwa ka ce, Baba, na yi sakaci da wata takarda, laifina ne. Ba a kore ni ba, makaranta tana tare da ni, amma zan rasa zangon nan, kuma ba zan samu zuwa biki ba. Ga abin da ake buƙata daga wurinka, ga ranar da nake son turawa. Daga nan ka yi shiru ka bar shi ya faɗi duk abin da zai faɗa, kada ka katse shi, kada ka kare kanka. Katsina tana gaban ku da awa bakwai. Ka bari ya dawo daga isha'i ya ci tuwonsa, wajen ƙarfe tara nasu, biyu na rana ke nan a wurinka. Ƙanwarka kuma ka kira ta daban, kada ta ji a tsakar gida.

Ranar da ka tura takardun, ka rubuto mini da kwanan watan da ke jikin shaidar karɓa.

Kawunka